Ni da Bin Motar Gaba a Hanyar Jidda

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, ko da tsufa zai sa in manta lambar wayata. Har yau in ina tuƙi na hango jan allo a saman titi, sai in ji gabana ya yanke ya faɗi.

A lokacin ina shekara ta uku a karatun shari'a a Makka, mu huɗu a ɗaki ɗaya a unguwar Utaibiyya. Akwai yarinyar da nake nema a gida, Sa'adatu, 'yar Gusau. Ita ta yarda, mahaifiyarta ta yarda, saura mahaifinta Alhaji Mamman. Duk sanda kawuna ya je masa da maganar, amsarsa ɗaya ce: "A bari in ga yaron tukuna." To ga shi Allah ya kawo shi umara shi da Hajiya, sun sauka a unguwar Misfala. Wato aurena gaba ɗaya ya rataya a kan 'yan kwanakin nan.

Sa'adatu ta kira ni ta ce, "Don girman Allah ka rage surutu. Baba ba ya son mai cika baki." Na ce haba, ni? (Ni da a ɗakinmu rediyo suke ce mini.)

Na je gaisuwa da jallabiyata mai guga, na durƙusa har ƙasa. Alhaji dattijo ne siriri, ba ya magana sai ta kama, carbi kawai yake ja. Da na gan shi na yanke hukunci a raina cewa irin 'yan kasuwar nan ne da Larabcinsu bai wuce na sallah ba. Hajiya ce mai hira. Ta ce zuwanta biyu ke nan amma ba ta taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi, ga ƙawarta kullum tana yi mata burga da hoton masallacin da ke kan ruwa, shi kuma Alhaji ya ce ba yawo ya kawo shi ba. Sai ta juyo ta ce, "Malam, kai ko ka san Jidda?"

Gaskiyar magana ita ce sau biyu na taɓa taka Jidda: ranar da jirgi ya sauke ni, da ranar da na raka wani abokina ya hau. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Jidda? Ai Hajiya, Jidda kamar tsakar gidanmu take a wurina."

Alhaji ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Madalla. Sai ka kai mu gobe. Amma a dawo da ni kafin magariba, a Harami nake son in yi ta."

Daga nan unguwar Mansur na nufa wurin abokina Bakur. Bahaushe ne haifaffen Makka, yana da tsohuwar mota da yake ba ni in na matsa masa. Da ya ji labari sai ya riƙe baki. "Ya shekh, inta ma ta'arif Jidda! Ba ka san ta ba wallahi. Bari in bi ku in tuƙa." Na ƙi. Ina dalili in kawo wanda zai raba ni da yabo? Da ya ga na kafe sai ya ce, "Tayyib. In ka ga bas na alhazan Indunusiya, bi shi. Duk inda baƙo ke son gani, can suke zuwa." Ya miƙo makulli yana girgiza kai.

Wayata tana da taswira, kada ku ce ba ta da ita. Amma ina aka taɓa ganin ɗan gari yana duba taswira? Na kife ta a aljihu.

Da safe muka ɗauki hanya, Alhaji a gaba, Hajiya a baya da gorar zamzam da ledar dabino. Muna fita gari Allah ya haɗa ni da wani farin bas cike da alhazai masu kaya iri ɗaya. Na manne masa. In ya yi dama in yi dama, in ya rage gudu in rage. Kuma wallahi sai ga mu a bakin teku, ga farin masallaci tsaye a kan ginshiƙai, ruwa yana dukan ƙafafunsa. Ni kaina sai da na saki baki, don ban taɓa ganin ruwa mai yawan haka ba, amma na yi maza na rufe shi na ce, "Yau ma ai bai cika sosai ba."

Hajiya ta yi ta tasbihi, ta sa na ɗauke ta hoto ta kowace kusurwa saboda ƙawar nan tata. Alhaji ya tsaya can gefe, hannu a baya, yana kallon teku shiru. Na ce a raina bawan Allah, abin ya fi ƙarfinsa.

Nasarar farko ita ta kashe ni. Na bi wani bas ɗin ya kai mu Balad, tsohon gari, inda gidaje ke da tagogin katako masu sassaƙa sun leƙo kan lungu. A nan rediyo ya kama tasha. Babu gidan da ban ba da tarihinsa ba. Wannan na ce na wani attajirin Turkiyya ne, wancan na ce a cikinsa ake sauke sarakuna. Duk abin da na faɗa, Alhaji sai ya ce, "Ikon Allah." Sau uku yana tambayata, "Ka tabbata, Malam?" Sau uku ina cewa, "Ƙwarai kuwa, Baba."

Sai Hajiya ta ce an ce a nan kusa maƙabartar da ake danganta wa Nana Hauwa'u take, tana son ko daga waje ne ta gani. Na taɓa jin labarin, amma ko gabas take ko yamma, oho. Muka yi ta zagaye a mota har na hango wata doguwar katanga mai farin fenti da ƙofar ƙarfe a kulle. Na tsaya na ce, "Ga ta nan." Hajiya ta fito cikin ranar nan, ta ɗaga hannu ta yi wa mamatan ciki addu'a mai tsawo, har da ƙwalla. Ni ma ina gefe ina amin. Wani ɗan wari yana busowa daga ciki, na ce iskar teku ce.

Bayan mun ci kifi da shinkafa, ta tambayi marmaron nan da ake cewa yana harba ruwa sama daga cikin teku. Na ce ai an kashe shi, gyara ake yi. Ban rufe baki ba muka sha kwana, sai ga shi can nesa ya miƙe fari fat har yana neman taɓa sama. Hajiya ta ce, "Wancan fa?" Na ce, "Au! Ashe sun gama." Alhaji ya yi tari, ya juya fuskarsa wajen taga.

Bayan la'asar muka kamo hanyar gida, ina lissafin cewa na ci jarrabawa. Har na fara tsara abin da zan gaya wa kawuna. Muna kusa da shingen binciken da ke kafin iyakar Harami sai muka tarar da cunkoso, motoci sun yi layi ba sa ko motsi, rana kuma ta fara ja. Alhaji ya duba agogo. Ni kuwa sai na lura manyan motocin kaya suna ratsewa ta wata hanya a hannun dama, suna wucewa abinsu salin alin. Tun safe bin motar gaba bai ba ni kunya ba. Na karya kan mota na shige bayan wata tirela, doguwar da ta tare mini komai na sama.

Alhaji ya ce, "Malam, ka tabbata?"

Na ce, "Baba, ai wancan layin na baƙi ne. Wannan ita ce hanyarmu."

Hanyarmu. Da bakina na faɗa.

Muka yi ta tafiya. Babu bas ko ɗaya, babu ƙaramar mota, sai tireloli da duwatsu da raƙuma can nesa. Ga shi rana da ya kamata ta kasance a bayanmu ta koma gefe. Can tirelar ta matsa, sai ga wani allo a gabanmu, jan fenti da farin rubutu manya-manya. Hajiya ta leƙo ta tsakanin kujeru ta ce, "Malam, me aka rubuta a jan nan? Na ga irinsa a inda muka ratse."

Na karanta. Na sake karantawa. Wallahi ji na yi kamar an kwara mini ruwan ƙanƙara.

Alhaji ne ya karanta mata, a hankali, harafi bayan harafi: "Li gairil Muslimina." Sannan ya fassara: "Hanyar waɗanda ba Musulmi ba ce, Hajiya. Ita ke zagaye da su ta bayan gari don kada su shiga Makka."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Hajiya ta dafe ƙirji. "Ni? Ni da na yi umara shekaranjiya? Malam, me muka yi maka?" Ta shiga jero kalmar shahada da ƙarfi, kamar akwai mai rubutawa a gefen hanya.

Ku duba fa. Ni ɗalibin shari'a, wanda a zangon da ya wuce na rubuta shafi huɗu a jarrabawa kan hukuncin shigar wanda ba Musulmi ba cikin Harami, ni ne na ɗauko alhaji da hajiya da gorar zamzam na ɗora su a kan wannan hanya, har ina cewa tamu ce. Na gangara gefen titi na tsaya.

Ba a jima ba motar 'yan sandan hanya ta tsaya a bayanmu. Wani matashi ya leƙo, ya ga carbi, ya ga zamzam, ya ce, "Fen rayih, ya hajj?" Wato ina muka nufa. Duk Larabcin shekara uku ya gudu ya bar ni. Abin da na iya haɗawa kawai shi ne, "Nahnu Muslimuna! Wallahi Muslimuna!" kamar wani ya ce ba mu ba ne.

Sai na ji murya a gefena. Alhaji ne ya sunkuyo yana zuba Larabcin Hijaz, irin na kasuwa da tasha, wanda ko Bakur sai ya gyara zama kafin ya bi shi. Ya faɗi wani abu yana nuna ni da haɓa, ɗan sandan ya tuntsire da dariya har yana dukan rufin mota. Ya kwatanta masa gadar da za mu juya a gaba, ya ce "Allah ma'akum," ya tafi yana share ido.

Na juya ina kallon Alhaji baki buɗe. Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya na yi a Jidda ina tuƙa tankar ruwa, tun ba a haife ka ba. Ni na hana Hajiya ta gaya maka. Katangar nan da ka tsayar da mu kuwa, garejin motocin kwasar shara ne. Ni nake kai musu ruwa."

"Alhaji!" in ji Hajiya. "Kana kallo na tsaya a rana ina yi wa motocin shara addu'a?"

"Ai Allah kika roƙa, ba katanga ba." Ya buɗe ƙofa. "Malam, zagayo. Kawo makullin."

Haka na koma kujerar gefe kamar kayan wanki. Magariba a bakin hanya muka yi ta, a kan tsakuwa, tireloli suna wucewa suna watsa mana iska. Alhaji ya ce in ja sallah, na ce a'a Baba, don Allah. Da muka sallame sai ya tambaye ni sau nawa na taɓa zuwa Jidda. Na faɗa masa gaskiya, kaina a ƙasa.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ɓata hanya ba komai ba ne, ni ma na ɓata a garin nan har na yi kuka. Tun safe abu ɗaya nake jira ka ce: ban sani ba. Sau huɗu na buɗe maka ƙofa. Gobe kai ne za ka koma gida a shimfiɗa maka buzu, mace ta zo ta tambaye ka ko aurenta yana nan ko ya mutu. Ita ma katangar da ka ga dama za ka nuna mata?"

Har suka hau jirgi bai sake tayar da maganar ba, kawuna kuma da ya je sai aka ce masa a dakata. Sa'adatu ta yi sati biyu ba ta ɗaga wayata. Bakur kuwa ya samu abin yi, duk inda ya gan ni a Mansur sai ya ɗaga hannu ya ce, "Nahnu Muslimuna!" masu shayi suna tambayar me ya faru, shi kuma ba ya gajiya da ba su labari.

Wata bakwai ana haka. Ran nan ina fitowa daga darasi sai ga kiran Alhaji. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce wani maƙwabcinsa ya rasu ya bar matarsa da 'ya'ya mata biyu da ɗan'uwa wanda suke uwa ɗaya, yaya rabon yake? Na san kusan rabin amsar, kuma wallahi harshena har ƙaiƙayi yake, rediyo yana neman kunna kansa. Na cije. Na ce, "Ban sani ba, Baba. Amma zan tambayi malaminmu gobe in kira ka."

Sai ya ce, "Bar shi, an raba tun bara. Ka ce wa kawunka ina jiransu ranar Asabar."

Yanzu 'ya'yanmu uku da Sa'adatu, kuma a unguwarmu an san ni da malamin da ya fi kowa cewa "sai na duba". Wasu har suna ganin ƙarancin karatu ne. Ni dai na bar su, don su ba su taɓa yin magariba a kan tsakuwa da surukinsu a waccan hanyar ba. In kuma muna tafiya a mota na cika shiru a mararraba, sai uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, ka san hanyar, ko motar gaba muke bi?" Ni kuwa sai in gangara gefe, in sauke gilashi, in nemi mai shago in yi masa sallama.