Kabad ɗin Tsintsiya

Shekarar da soja suka miƙa mulki aka kira ni duba rufin wata tsohuwar cocin Katolika a Sabon Gari. Ni maginin ƙasa ne daga Jakara, ban taɓa shiga coci ba, amma na dinga yi wa abokina Sani kafinta bayani kamar kakana ne ya gina ta.

Na dubi bakan gizon rufin, na ce wurinmu Turawa suka kwaikwaya. Sani ya nuna wani ɗan ɗakin katako mai labule.

Na ce, "Kabad ne, na ajiye tsintsiya."

Na ja Sani jikin kabad ɗin don kada kowa ya ji. "Wallahi Sani, ban san kan rufin nan ba. Mu dai gyaɗa kai mu karɓi aikin."

Sai murya ta fito daga ciki da Hausa raɗau: "Ci gaba, Malam, ina jin ka."

Ashe nan Fada, limamin cocin, yake zama yana sauraron masu faɗin zunubansu.

Aikin dai wani ya samu. Har yau, da na fara cika baki a majalisa, sai Sani ya sassauta murya: "Ci gaba, Malam."