Ranar da Na Gudu Na Bar Mata Bakwai a Mota

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren jikar yayata ba, kuma da ana goge rana a rayuwar mutum, ita zan fara gogewa. Na tsufa a kan sitiyari tsakanin Dutsin-Ma da ƙauyuka, ko akuya ban taɓa bugewa ba, amma abin da na yi a Birchi ya shafe wannan duka.

Motar wata farar bas ce mai shan gas, 'yar Beljiyam. Ranar da na saye ta, Malam Lawal bakanike ya shiga ƙarƙashinta, ya fito yana kaɗe riga.

"Baba, wannan ba irin tsoffin da ka saba da su ba ce. Akwai wata matatar hayaƙi a cikin salansarta, ita ke tare baƙin hayaƙi. Sai ta yi zafi sosai take ƙone dattin da ta tara. Duk mako ka hau kwalta ka sake ta ta yi gudu."

Na ce masa to. A raina kuwa na ce yaron da aka haifa ina da lasin ne zai koya mini mota? Ni a saninmu, mota lallaɓa ta ake yi kamar tsohuwa. Daga kasuwa zuwa Zobe in ɗauko tumatir, daga Zobe in dawo kasuwa, giya ta uku ba na wucewa. Bayan 'yan watanni wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabana. Ta dame ni da kallo, sai na yanki baƙin salatif na liƙe ta (a lokacin har ina jin na yi dabara).

Ranar jere, Yaya Hajjo ta cika motar da kayan ɗakin amarya za a kai Barkiya: katifa, kwalla, kuloli, labule. Mata bakwai suka matsu a baya, har da ita. Ni na rufe musu ƙofa, domin hannun ciki ya daɗe da karyewa, ta waje kawai take buɗuwa. Shi ma kullum gobe zan gyara.

Muna hawa hanyar Kurfi Yaya ta fara.

"Kai, wai amalanke muka hau? Dangin ango na can na jira, ka taka mana!"

Sauran suka sa dariya, ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na taka motar irin takun da ba ta taɓa gani a hannuna ba. Mun yi tafiya mai ɗan nisa lafiya. Dab da Birchi sai ƙauri ya cika motar. Na dubi madubi, farin hayaƙi ya rufe hanya, ba na ganin komai a baya. Wata ta ƙwalla ihu, "Wuta! Kawu, wuta!"

Na taka birki a gefen masu rake. Abin da ya biyo baya kuwa ƙafafuna ne suka yanke shawara, ba a tuntuɓe ni ba. Na tsinci kaina cikin gonar dawa, takalmi ɗaya, hula babu. Sai da na tsaya ina haki na ji ana dukan gilashi ana salati, na tuna wa ya rufe ƙofar nan.

Kafin in juyo, wani dattijo mai rake, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya ɗingisa ya ja ƙofar. Mata suka zubo waje. Hayaƙin ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Babu wuta, ko zaren labule bai ƙone ba.

Na fito daga dawa ina kakkaɓe jiki, mutanen bakin hanya sun zuba mini ido. Yaya ta dube ni tun daga ƙafa har kai.

"Sannu da dawowa, Alhaji. Ya ka baro mutanen Kurfi?"

Na kira Malam Lawal a waya. Ya ce dattin watanni ne matatar ta samu zafi ta kama ƙonewa. Ya ce in gode wa Allah, wadda ta toshe irin haka tana iya kamawa da wuta da gaske. Da na ji haka sai na zauna a kan dutse, na ƙirga matan nan ɗaya bayan ɗaya. Bakwai cif. Ban taɓa jin daɗin ƙirga ba kamar ranar.

Muka ƙarasa Barkiya a hankali, Yaya ta dawo gaba ta riƙe gefen rigata har ƙofar gidan ango. Washegari Malam Lawal ya kwance matatar ya wanke, ya sa wa ƙofa hannu. Ni kuma na bi matan nan gida-gida ina neman gafara. Duk sun yafe, bayan kowace ta kwaikwayi guduna a tsakar gidanta.

Don Allah 'yan'uwana direbobi, in mota ta yi muku magana ku saurara, in bakanike ya faɗa ku ji ko da jikanku ne. In kuma tsoro ya zo, to yana zuwa, ba a fi ƙarfinsa ba. Amma ku buɗe wa mutane ƙofa tukuna.