Ranar da Kofur Ya Murza Min Kunne

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya cinye sauran, da bikin Ɗanlami masunci a Guri, zamanin Turawa, bayan sojoji sun dawo daga yaƙi.

Kawun ango, Kofur Adamu, maƙwabcinmu ne a Haɗeja. Ya dawo da garmaho da faifai ɗaya tak, wai kiɗan baƙar fata ne na hayin teku, jikokin waɗanda aka kwasa bayi. Kai, kiɗan nan! Ganga kamar tamu, amshi kamar na 'yan matanmu a dandali. Ni kuwa kunyar Kofur nake ji (yana da 'ya, ka dai gane), sai in maƙale a bayan zana da kukumata ina kwaikwayo. Ko garmahon ban taɓa gani ba.

Na haddace tsaf. A tsakiya kiɗan kan tsaya wuri ɗaya, ƙyat, ƙyat, ƙyat, sannan ya yi tsalle. Can ƙarshe muryar ta yi kauri, ta ja jiki kamar kukan bijimin sa. Na ce wayyo, kewar gida ce! Har ƙwalla na yi. Na ɗora waƙar kifi da kwalekwale a kai.

Sarkin Kiɗa ya ce in na burge 'yan biki, zai sa ni cikin yaransa. Abin da nake mafarki ke nan. Ranar bikin na miƙe (wa ya aike ni?) na ce, "Jama'a, ga saƙon 'yan'uwanmu!"

Farko lafiya lau, 'yan mata sun cashe. Da na shiga ƙyat-ƙyat, suka tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Na rufe ido, na saki kukan bijimin.

Sai na ji ana murza min kunne. Kofur ne.

"Ku yi haƙuri, jama'a, bari in wana shi! Ɗan nan, faifan fa tsagewa ya yi a jirgi. Kukan bijimin kuwa, ni ne ke ƙyuyar wana garmahon!"

Wata tsohuwa har da buɗa.

Sarkin Kiɗa ya share hawayen dariya, ya ce, "Kunnen da ya kwaso har tsagar faifai, ba na barin sa. Ka zo gobe, Garmaho. Amma ɗaukar ganguna za ka fara."

Sunan ya bi ni har yau. In za ka ɗebo kiɗan 'yan'uwa, yi sallama ka shiga ta ƙofa. Daga bayan zana, ko tarin mai gida sai ka ce waƙa ce.