Basillar Nomau da Katunan Ƙidaya

Kai, jama'a, ku ji abin da aka ce ya faru da Dagaci Jatau a zamanin da aka fara ƙidayar mutane da inji! Lokacin kowane mutum katinsa guda, malamin ƙidaya ya huda nan in namiji ne, can in mace ce, wani wurin na shekaru, wani na aure. A birni sai a zura katunan, inji ya bi huji ya faɗi lissafi. To, Jatau ya sami labarin cewa duk ƙauyen da mutanensa suka yi kaɗan za a haɗe shi da na kusa. Na kusa kuwa na Barmo ne, wanda ko a jana'iza ba sa gaisawa. Hankalin Jatau ya tashi ƙwarai, don rawani ne zai sauka.

Ran kasuwa malamin ya bar masa ajiyar akwatin katuna a zaure, ya tafi yawo. Jatau dai abu ɗaya ya riƙe, wai inji huji yake ƙirgawa. Sai ya aika aka kira Nomau baduku, ya ce, "Ga katunan, ga basillarka. Kowane huji talaka ne, kada ka yi mana rowa." Nomau kuwa bai iya aikin wasa ba. Ya huda, ya huda, har da ado irin na bakin jaka, kowane kati ya koma rariya.

Malamin ya ɗauki akwatinsa bai buɗe ba, ya kai birni. Ba a jima ba sai ga shi ya dawo, fuska ba annuri.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, injin sau biyu yana hayaƙi a kan garinku. Ko mutum ɗaya ba ku ƙaru ba, kati ake ƙirgawa, ba huji ba. Haɗewa kam babu fashi."

Jatau ya ce, "Duk wahalar nan? To, hujin me ya ce?"

"Ya ce limaminku yaye ake shirin yi masa. Kai kuma bazawara ce mai shekara tara. Sannan duk mazan garin nan, har kai, juna biyu gare ku."

Jatau ya shafa tumbi, ya gyara rawani, ya ce, "Alhamdu lillahi! To, Malam, a gaya wa Barmo ya dakata mu sauka lafiya, sannan a sake ƙirgawa."