Sanƙon Malamin Lissafi

A ajinmu na tattalin arziki a jami'ar Madani da ke Sudan, ni kaɗai ne Bahaushe. Kowa Larabci yake yi, ni ma haka, sai kewar gida ta koya mini magana da kaina. Ina tafe ina Hausa, ina cin abinci ina Hausa, ba mai amsawa.

Ran nan malamin lissafi, wani dattijo mai sanƙo da ba ya dariya, ya kira ni gaban allo. Na karɓi alli da ƙarfin gwiwa, don a ƙauyenmu na kusa da Sinnar ba wanda ya kai ni lissafi. Layi na uku na maƙale. Ina murmushin ladabi na ce da Hausa, “Wannan mai sanƙon, shi ma bai san amsar ba.”

Ya cire tabarau ya ce, “Mai sanƙon ya sani, yaro. Kai ɗan gidan wa na?”

Hausa ce irin ta kakana. Ajin bai gane komai ba. Mutum ɗaya ke jin harshena a duk sashen, shi na zaga. Har na gama karatu, in na hango shi sai in sake hanya.

Ashe yana da dangi a ƙauyenmu, ya je suna ya ba da labari. Yanzu gashina ya fara zubewa, kuma duk wanda ya gan ni ba hula sai ya ce, “Malam, ka san amsar?”