Rasuwar Katin Wifi na Ordinatar Malam Muttaƙa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da bai huce ba har yanzu, Malam Muttaƙa, mai koyar da lissafi a kolej ɗin Bande, yana sanar da ƴan uwa da abokan arziki rasuwar katin wifi da ke cikin tsohuwar ordinatarsa, wato kwamfutarsa. Ya cika ranar Talata a Magarya, bayan doguwar jinya.

Marigayin mai haƙuri ne, mai kunya, ba ya gaggawa a kan komai. Hanya ɗaya ya sani ta kama intanet, wadda wayoyin unguwa duka suke turereniya a kanta, kuma bai taɓa ture kowa ba. In aka ce ya buɗe shafi, sai ya bari kowa ya wuce tukuna. A haka ya sauko wa Malam da darussa na shekaru, layi bayan layi.

Ciwon ajali ya tashi ne ranar da wani porje, wato shiri na koyar da malamai a Damagaram, ya kira Malam ganawa ta bidiyo don ɗaukar aiki, aikin da ya daɗe yana roƙon Allah a kansa. Ya sa farar shaddarsa, ya hau kabu-kabu zuwa Magarya, ya zauna dab da akwatin wifi na shagon Mainasara mai gyara. Daraktar porjen ta buɗe baki za ta yi tambayar farko, fuskarta ta daskare a haka. Abin da aka ji daga bakin marigayin na ƙarshe shi ne: "Mal… Mut… kana ji…" Daga nan shiru.

Mainasara ya duba shi, ya girgiza kai ya ce, "Malam, tun bara na ce maka ka sa masa kle mai hanya biyu."

An sa ɗin, washegari. Wata ƴar aba ce kamar ɗan yatsa, ana soka ta a gefen ordinata. In hanya ɗaya ta cunkushe, sai ta bi ɗayar. Ko ƙiftawa Malam bai yi ba ta buɗe masa saƙon porje, inda suka gode masa, suka ce sun ɗauki wani.

Marigayin ya bar ordinatar da ya rayu a cikinta, da batir mai ciwon suma, da sharja ɗaure da roba, da Amarya matar Malam, wadda ta riga ta gaya wa maƙwabta za su koma Damagaram.

Za a yi jana'iza bayan la'asar a kwalin tarkacen Mainasara. Ba za a yi zaman makoki ba, ba a kuma son a sake cewa "ba rabonka ba ne". Na nesa su yi ta'aziyya ta bidiyo. Hoto ba ya daskarewa yanzu, kuma Malam yana Bande, ba inda za shi.