Yadda Ake Canja Ƙwan Siginar Baya a Motar Suruki

Kai da ke neman aure a wannan zamani da tiyar gero ta fi ƙarfin mai gona, aka ce maka sai mai sana'a za a ba, share hawayenka. Bi waɗannan matakai shida, kafin la'asar ka zama injiniya, ko da ba ka san bakin sufana daga gindinta ba. An gwada su a kan Nababa, wani saurayi a ƙauyenmu da ke gabas da Ɗambatta, kuma har yau yana nan da ransa.

Mataki na 1: Fara samun suna

Nababa ya yi wata uku a wani gareji a Kano. Aikinsa a can wanke noti da sayo wa oga ƙosai. Ya dawo gida da riga duk baƙin mai, ya ƙi wanke ta. Kafin a yanke gero kowa Injiniya yake ce masa. Kai ma haka za ka yi. Ilimi a riga yake, wanda ya wanke rigarsa ya wanke saninsa.

Illar suna ɗaya ce: wata rana za a kira shi. Nababa yana son Barira, 'yar Alhaji Dallatu, shi kuwa Alhaji ya rantse ba zai ba mai zaman kashe wando 'yarsa ba. Ranar Asabar ya aiko. Tsohuwar Fijonsa, wadda ta yi wata takwas a gindin darbejiya tun da fetur ya yi tashin gwauron zabi, gobe za ta kai gyaɗa kasuwar Ɗambatta. Siginar baya ta hagu ba ta kamawa, ga jami'ai a hanya. Injiniya ya zo ya nuna sana'ar tasa.

Mataki na 2: Je da kaya, bar takalmi

Ka ɗauki duk ƙarfen da ke gidanku ka zuba a buhu. Ba amfani za ka yi da su ba, ƙararsu ake so a ji. Tun daga nesa ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka sa ido a ƙasa, don motar suruki ma suruka ce.

"Baba, barka da hutawa."

"Yawwa, Injiniya. Ga ta nan. Aikin minti nawa ne?"

Kada ka taɓa faɗin lokaci. Nababa ya zagaya motar sau biyu, ya ƙwanƙwasa taya, ya girgiza kai. "Sai an buɗe, Baba."

Mataki na 3: Buɗe but

Ta cikin but ake isa ga fitilar baya. Amma a shekarun nan motar da ta daɗe a ajiye rumbu ce. Nababa ya fito da buhun gyaɗa biyu, da ɗaurin rama, da galma, da tukunyar da aka yi wata huɗu ana zargin maƙwabta a kanta. Barira ta fito kwashe kayan, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska saboda idon mahaifinta. Da ta sunkuya ɗaukar tukunya ta ce ƙasa-ƙasa:

"Injiniya, gumin nan na aiki ne ko na tsoro?"

"Na ƙwarewa ne."

"To, Allah ya sa ƙwarewar ta san hagu da dama."

Mataki na 4: Cire mataccen ƙwai

Kusoshi uku ne ke riƙe da murfin. Ka kwance su, ka zuba a aljihu, kada ka ajiye a ƙasa, kaji ba su san kayan aiki ba. Daga nan ka danna ƙwan ciki, ka murɗa hagu, ka ɗaga shi ka duba a rana, ka ce, "Ai na faɗa."

Nababa ya zura hannu zai danna, bai ji komai ba. Ya leƙa. Babu ƙwai, ko matacce. Abin da ke cikin ramin gidan zanzaro ne, ya bushe ƙarau. Ya kankare shi da tsinke, ya hura, ya daɗe yana hurawa. In ka rasa abin yi, ka yi ta hurawa. Ba a taɓa kama mai hurawa da jahilci ba.

Mataki na 5: Samo sabo

Sabon ƙwai sai Ɗambatta, kuma mai acaɓa ba ya jin kalmar surukuta. To, ka tuna Allah ya yi wa mota ɓangare biyu. Alhaji hagu ya ambata, bai ce komai a kan dama ba.

Da aka kira azahar Alhaji ya shiga gida alwala, Nababa ya faɗa wa fitilar dama kamar shaho. Ya zare ƙwanta, ya cusa a hagu, ya ɗaure kusoshi shida, har ya riga Alhaji shiga sahu. Barira tana bakin zaure tana tsintar gyaɗa, ta ga komai.

Mataki na 6: Gwaji

Makullin motar nan sai an riƙe shi a murɗe wuta ke zuwa, don haka gwaji aikin mutum biyu ne, kuma ba a aiken suruki. Alhaji da kansa ya raba aikin: Barira ta shiga ta riƙe makulli, shi ya koma baya ya harɗe hannu, Nababa ya tsugunna gefe.

"Sa hagu, Barira."

Fitila ta fara ƙyaftawa, ja-ja kamar garwashi. Nababa ya ji har an fara rabon goro a kansa.

"Madalla. Sa dama."

Shiru. Sai kukan akuya daga nesa. Nababa ya ƙura wa yatsun ƙafarsa ido. Zai iya ɗora wa batir, zai iya ɗora wa ɓera. Sai ya hango idon Barira a madubin gefe, tana jira.

"Baba," in ji shi, "na daman ne ya yi ƙaura."

Alhaji ya yi dariya har sai da ya dafa but. "Ƙaura? Gida ya dawo, yaro! Ni na ɗauke shi daga hagu bara na kai dama. Shekara shida ƙwai ɗaya gare ta. Zuwa Ɗambatta duk kwanar hagu ce, dawowa duk ta dama. Ɗan Iya da ya zo neman Barira cewa ya yi a je Kano a sayo sabo. Mai irin wannan hannun zai riƙe gida a zamanin nan? Gobe ka biyo mu, in mun sayar da gyaɗa ka mayar da shi dama. Jibi ka turo magabatanka."

Daga cikin mota Barira ta ce, "Baba, in saki makullin? Hannuna ya sage."

Kashedi

Mai wannan rubutu bai taɓa mallakar ko keke ba. In ka bi shawararsa jami'ai suka tare ku, ko zanzaron ya kasance yana gida, ko surukinka mai duba ɓangare biyu ne ba tare da dariya ba, babu ruwansa, bai san ka ba. Mai ƙorafi ya nemi Nababa. Duk Lahadi yana bakin kasuwar Ɗambatta, kansa a cikin but, yana mayar da ƙwai dama.